Kofin Mai Tura Arabiyya

Ban taɓa riƙe kulkin besbol ba, ban ma taɓa ganinsa ido da ido ba, amma in gardamarsa ake yi a Mansur, unguwarmu ta nan Makka, to a matsa mini in zauna. Shekaru na yi ina suyar ƙosai a gefen shagon wani mai shayi Ba'adare, kuma ta shagon nan wasan ya shigo mana ko sallama babu. Mai shayin ya ɗaura dish ne don masu shan shayinsa su riƙa kallon ƙwallon ƙafa. Abin da bai lissafa ba shi ne, cinikinsa na bayan sallar Asuba ne, lokacin da duk wani mai buga ƙwallon ƙafa a duniya yake sharar barci. Abin da kawai ake yi kai tsaye a wannan lokaci shi ne wasan Amurkawa, inda wani ƙato zai tsaya da kulki, wani ya wurgo masa ƙwallo da zuciya ɗaya kamar mai jifan Shaiɗan. Da farko dariya ake yi musu. Kafin shekara ta zagayo, akwai wanda in an canja tashar sai ya ajiye shayinsa ya tafi da fushi.

Wanda ya fassara mana wasan wani dattijo ne Bakano da muke kira Direba, saboda ya taɓa tuƙa 'ya'yan ma'aikatan wani kamfanin mai a gabashin ƙasar nan, yana kai su filin wasan yana jiran su a rana. Shi ya ce mana in mai kulki ya maka ƙwallo ta tsallake katanga ta faɗa cikin 'yan kallo, babu mai iya kama shi, sai ya zagaye filin a hankali yana taƙama ya dawo inda ya tashi. Muka raɗa wa wannan bugu suna tsallake. Direba ya ce ana ƙirga wa kowa tsallakensa tun daga ranar da ya fara wasa har ranar da ya ajiye kulki, kuma wanda ya fi kowa, sunansa ake fara ambata har a tashi duniya. Nan fa mazan majalisa suka samu abin yi. Mutanen da ko gudun tsallake titi ba sa iyawa suka zama alƙalan bugu. Dama inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

Ni mace ce, ba na zama cikin maza. Bayana na wajen talabijin, fuskata na kan kasko. Amma akwai firjin lemo a gabana mai ƙofar gilashi, kuma a cikin gilashin nan na kalli besbol shekara da shekaru, komai a juye. Akwai wani ƙaton baƙin mutum da majalisa take ji da shi, suna kiransa Bahago. Na daɗe ina mamakin sunan, don ni a firjina da dama yake bugu. Ranar da na tambayi maigidana, sai da ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Maigidana, wanda ba na faɗin sunansa kuma ba yau zan fara ba, tura arabiyya yake yi a Harami. Arabiyya ita ce keken da ake ɗora tsoho ko marar lafiya a tura shi ya yi ɗawafi da sa'ayi. Wanda bai taɓa turawa ba yana ganin wasa ne. Ka ɗora mutum mai nauyin buhu biyu, ka zagaya da shi sau bakwai a bene inda zagayen ya fi faɗi, ka gangaro da shi tsakanin Safa da Marwa, ka hau tudun nan ka sauka ka sake hawa, yana addu'a kana amsa masa da amin, ƙafarka babu takalmi a kan marmara. Wannan duka shi ne sawu ɗaya. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da duniya take zubowa Makka, sawu ba ya yankewa sai dai mutum ya yanke.

Masu tura arabiyya na unguwarmu suna da wata al'ada da ta girmi talabijin ɗin. A bangon shagon mai shayi akwai ƙusa, a jikin ƙusar akwai wani babban kofin gilashi mai mariƙi. Ba a zuba wa kowa shayi a cikinsa sai wanda ya fi kowa sawu a goman ƙarshe, ba na shekara ɗaya ba, na tun da aka fara ƙirga. Ba rubutawa suke yi ba. A bakin ƙofa ɗaya suke jiran alhazai, kowa yana ganin wanda ya shiga da wanda ya fito, ba a iya yi musu ƙarya. Washegarin Sallah ake haɗuwa a faɗi abin da kowa ya yi. In an samu wanda ya wuce mai kofi, sai kofi ya koma hannunsa. In ba a samu ba, mai shayi ya sauke kofin, ya cika, ya miƙa wa mai shi da hannu biyu.

Maigidana ya karɓi kofin nan daga hannun wani Basakkwace da ya daɗe da shi, kuma ya wuce shi da ratar da har yau ake labari. Ba zan faɗi adadin ba. Duk wanda na ji ya faɗa, in masoyi ne ya ƙara, in maƙiyi ne ya rage, ni kuwa na gaji da gyara wa mutane. Abin da na sani shi ne na ga tafin ƙafarsa a daren Sallar shekarar, na jiƙa masa ita a ruwan ɗumi da gishiri, ina yi ina kau da kai.

Yanzu bari in faɗi abin da kowa yake raɗa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yana shan ƙwaya. Wata 'yar fara ce da direbobin manyan motoci suke sha don kada barci ya ɗauke su a hanya. Ba kullum yake sha ba, sai azumi ya kai ashirin, bayan an sha ruwa, ya haɗiye ta ya ɗauki arabiyyarsa. Na tsane ta kamar mutuwata. Na zubar masa da ita a masai ba sau ɗaya ba. Na yi kuka, na yi yaji zuwa ɗakin wata ƙawata a Misfala, na kai ƙararsa wajen limaminmu. Na gaya masa haram ce, na gaya masa in 'yan sanda suka kama shi da ita sai dai mu ji labarinsa, na gaya masa za ta ci shi. Shi kuma ya ce abin da ake samu a kwanakin nan goma shi ke riƙe gida har Hajji, ga iyayensa a gida, ga nawa, ga yara, kuma jiki ɗaya Allah ya ba shi. Ban yarda da shi ba a lokacin, ban kuma yarda da shi ba yau. Amma ni na faɗa masa a ido, lokacin yana da ƙarfin da zai iya ɗaga ni da hannu ɗaya.

Su kuma mazan majalisa fa? Babu wanda bai sani ba. Ido ja kamar gauta, muƙamuƙi yana motsi ba abinci a baki, mutum ya yi kwanaki bai kwanta ba ya zo yana zuba surutu, wa za a ɓoye wa? Inji suke kiransa. In ya doso shago, a tashi ana kirari, ga Inji nan, ga wanda ba ya zafi. In mahaifiyar wani ta zo Umara daga gida, ko surukinsa, ba ya neman kowa sai Inji, don shi ne ba ya cewa ya gaji, kuma shi ne ba ya karɓar komai a hannun na gida. Direba da kansa, shekarar da ya kawo gyatumarsa, wata tsohuwa mai jiki, Allah ya jiƙanta, a ranar da ta fi kowace cunkoso ya je ya tsare maigidana a bakin ƙofa. Mutum ya fito daga sawu ƙafarsa na rawa, Direba ya ce masa don Allah, tsohuwa ta rantse ba za ta koma gida ba sai ta yi Umararta a wannan rana. Maigidana ya koma bayan ginshiƙi ya dawo, ya ɗora ta. Direba yana tsaye, ya ga zuwansa bayan ginshiƙin, ya san abin da ya je yi.

Safiyar da Bahago ya wuce kowa a tsallake ina nan, ina juya ƙosai. An yi makonni ana jira, har waɗanda ba su damu da wasan ba sun riƙa leƙowa suna tambaya ko ya yi. Da ƙwallon nan ta tashi, na gan ta a gilashin firji tana tafiya kamar ba za ta sauko ba, sai shago ya kaure. Mai shayi ya yi kyautar shayi zagaye guda. Direba ya cire hularsa ya jefa sama, ta faɗa kusa da kaskona, na ɗauke masa. Maigidana bai yi ihu ba. Ya ɗaga kofinsa ya nuna wa talabijin, kamar mai gaida abokin sana'a daga nesa. A hanyar gida ya ce mini mutumin nan ya san abin da shi ma ya sani, wato yadda ake ji in kowa yana jiran ka ƙara ɗaya.

Tun kafin ranar ana ƙishin-ƙishin cewa Bahago yana yin allurar ƙarin ƙarfi, amma daga baya maganar ta fito fili, ana ta nuna ta a tashar. Ni dai ban ga allura ba, abin da aka ce nake faɗa. Aka ce ba shi kaɗai ba ne, zamanin ne gaba ɗaya. Sai ga Direba ya zo da sabon karatu. Ya ce a can akwai masu cewa a bar adadin yadda yake amma a ɗiga wa sunan ɗan tauraro a gefe, don duk wanda ya karanta ya san akwai magana. Shi kuwa a nasa ra'ayin ma a goge sunan, a mayar da matsayin ga tsohon da Bahago ya wuce. Majalisa ta rabu. Wani tela ya ce ai masu jefo masa ƙwallon ma an ce suna allurar, kura ce ta ci kura. Wani ya ce allura ba ta sa ido ya ga ƙwallo, a yi wa Direba guda goma a ba shi kulki a gani. Wani malami ya ce algus algus ne, ko a mudu ko a fili. Mai shayi, da yake ɗan kasuwa ne, kowa ya yi magana sai ya ce masa gaskiyarka, ya ƙara masa shayi.

Shekaru aka yi ana wannan gardama, ba ta tsufa. Ni ina jin su, ina ƙona ƙosai saboda haushi. Ba wai ina son allura ba ne. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne mutanen da suka cika filin suna tafi. Mutum ya kumbura a gabansu shekara bayan shekara, wuyansa ya zama kamar turmi, ba wanda ya ce uffan, saboda ƙwallo tana tsallake katanga kuma kowa yana jin daɗi. Sai da ya ajiye kulki, ba shi da sauran abin da zai ba su, sannan kowa ya tuna shi mai tsoron Allah ne. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Maigidana kuwa in an fara, sai ya riƙa juya kofinsa, kuma a lokacin babu wanda ya taɓa karkato da maganar wajensa, don ana buƙatar ƙafafunsa.

Abin da na yi ta tsoro ya zo bayan wata Sallah da 'yan kwanaki. Ya tashi zai yi alwalar La'asar, buta ta suɓuce, ya bi ta. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi sai 'yan kalmomi. Likita ya ce jini ne ya hau, ya tambaye ni ko yana shan wani abu, na gaya masa gaskiya. Da aka sallame mu, a cikin arabiyyarsa ta aiki na turo shi gida. Ranar na fara sanin nauyinta, ga shi kuwa hanyar ba tudu.

Watannin farko an yi zuwa dubiya, ba zan ci haƙƙin kowa ba. Daga baya ƙafa ta ɗauke, kamar yadda take ɗaukewa. Na koma kan kaskona don dole, kofi yana rataye a ƙusarsa, ni nake sauke shi in wanke in ya yi ƙura. Duk washegarin Sallah in na dawo gida, maigidana zai tare ni da ido tun daga ƙofa. Yakan daɗe yana kokawa da harshensa kafin kalmar ta fito.

"An karya?"

"Ba a karya ba, Alhaji."

Sai ya lumshe ido. Mutumin da ya ciyar da gida uku, yanzu ni nake juya shi a shimfiɗa, kuma abin da ya rage masa a duniyar maza ke nan, kofi ɗaya a jikin ƙusa.

Abubuwa suka yi ta canjawa. Aka kawo motocin lantarki a Harami, tsoho ya hau a tuƙa shi, aka kuma tsara masu tura arabiyya da riguna iri ɗaya, aikin irin na mutanenmu ya ja baya. Rusau ya ci wani ɓangare na unguwa, mai shayi ya tashi ya koma wani lungu, ya tafi da ƙusarsa, na bi shi da kaskona. Dish ya mutu, aka koma kallo a waya, a jingina ta da gwangwanin madara mutane su yi mata rumfa. Firji ya daina yi mini amfani, sai dai in ji da kunne.

Da kunnen nan na ji labarin wani dogon saurayi da ya yi tsallake mai yawa a shekara guda. Bai kai wanda Bahago ya taɓa yi a shekara guda ba, amma shi an ce an gwada shi an sake gwadawa ba a samu komai a jininsa ba. Direba, wanda yanzu ya tsufa har sai da sanda, ya samu abin da yake nema. Kullum maganarsa ita ce wannan ne tarihi na gaskiya, mai tsabta, na sama da shi duk na bogi ne. Ya riƙa cewa wanda ya fi kowa a cikin masu tsabta shi ne ya fi kowa, halas, magana ta ƙare. Kuma na lura in ya faɗi haka, idonsa yakan tashi daga kan waya ya sauka a kan ƙusa. Ba a koya wa mai suya sanin lokacin da mai ya yi zafi. Na san inda aka nufa tun kafin azumi ya kama.

A cikin masu tura arabiyya da suka rage akwai wani Badamagare, magidanci mai 'ya'ya uku, mutumin kirki, ko goro ba ya ci. A azumin shekarar ya yi aikin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Ya wuce Basakkwacen da, ya wuce kowa, amma bai kai maigidana ba. Washegarin Sallah majalisa ta cika fiye da kullum, har da waɗanda rusau ya watsa zuwa Aziziyya. Aka faɗi sawun kowa. Mai shayi ya ce to ba a karya ba, kofi na nan inda yake. Sai Direba ya buga sandarsa a ƙasa ya ce a dakata.

Ya yi magana mai tsawo, da ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo. Ya ce kowa yana ƙaunar marar lafiya, Allah ya ba shi sauƙi, amma gaskiya ɗaya ce. Ya ce duk mun san da me aka yi waccan shekarar. Ya ce wannan gari ba wurin da za a girmama abin da aka samu ta haramun ba ne, kuma ga bawan Allah ya yi nasa da tuwo da zamzam kawai. Ya ce ba za a goge sunan kowa ba, a bar shi da tauraronsa, amma kofi a ba mai tsabta. Na ji ana cewa haka ne, haka ne. Muryoyin duk na san su. Babu ɗaya a ciki da maigidana bai tura masa uwa ko uba ko suruka ba. Badamagaren ya sunkuyar da kai yana cewa shi bai nema ba, amma ba a saurare shi ba. Mai shayi ya ɗaga hannu zai kai ga ƙusa.

Na sauke kasko daga wuta. A duk shekarun nan ban taɓa juyowa na fuskanci majalisar ba, sai ranar.

"Alhaji Direba, ina da tambaya."

"Hajiya, wannan maganar maza ce."

"Tayyib, na ji, ta maza ce. Shekarar da Hajiya babba ta zo, Allah ya jiƙanta, wa ya tura ta?"

Ya ce kowa ya sani, kuma ya yi godiya tun a lokacin.

"Ka gan shi ya je bayan ginshiƙi kafin ya ɗora ta, ko ba ka gan shi ba?"

Ya kau da kai. Na ce to ni maigidana ya gaya mini, ya ce ƙafarsa ta mutu a ranar, ba don abin da ya haɗiya ba da ko ƙofa ba zai kai ta ba.

"Sawun nan yana cikin ƙirgar, Alhaji. In za a ɗiga wa sawunsa tauraro, sai a fara ɗiga wa Umarar gyatumarka. In tata ta karɓu, kuma ina roƙon Allah ya sa ta karɓu, to ƙafar da ta kai ta Marwa ba ta zama najasa yau ba."

Malamin nan ya ce in ji tsoron Allah, ba a haɗa ibada da wasa. Na ce ba ni na haɗa ba, su suka ɗauko hukuncin masu kulki suka kawo kan mijina. Na ce ƙwaya haram ce, ban taɓa cewa halal ce ba, kuma duk wurin nan ni kaɗai na faɗa masa haka lokacin da faɗar take da amfani. Na tambaye su, ɗaya bayan ɗaya ina nuna su da matsamin ƙosai, wa ya taɓa riƙe hannunsa ya ce Inji, ya isa, je ka kwanta? Wa ya taɓa cewa bar tsohuwata sai gobe? Kun ga ido ja kun yi kirari. Hisabin abin da ya sha yana tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma ya fara biya tun a nan, ni nake wanke shaidar kullum da safe. Amma sawu an yi shi. Mutane ne masu rai aka ɗora, aka zagaya da su, aka sauke su suna kuka suna sa albarka. Na ce duk wanda yake son kofi, ga Harami can, ba a rufe ba, ya je ya wuce shi.

Na san gobe za a ce matar Inji ta yi rashin kunya a gaban dattawa. An kuwa faɗa. Na ratsa ta tsakiyarsu, suna janye ƙafafu, na miƙa hannu na sauke kofin daga ƙusa. Mai shayi ya buɗe baki, na kalle shi, ya mayar ya rufe. Na naɗe kofin a gefen mayafina, na bar ƙullun ƙosai a roba, na tafi gida.

Har yau ban sani ba ko na ci gardamar. Direba bai sake sayen ƙosaina ba, aike yake yi a sayo masa, yana tsammanin ban sani ba. Na ji an ce wasu sun kawo shawarar a sayi sabon kofi a ba Badamagaren, shi kuma ya ce ba ya shan shayi a kofin da ba a karɓo daga hannun kowa ba. Bayan kwana biyu ya zo gidanmu da ledar lemo. Na ɗauka kofin ya biyo, na riga na shirya masa amsa. Ashe tambaya ya zo yi. Ya durƙusa gaban maigidana ya ce Baba, in ka ɗauko mai nauyi, yaya kake yi da tudun Marwa a zagayen ƙarshe, don shi nan ne gwiwarsa take cin amanarsa. Maigidana ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna masa yadda ake karkata arabiyya a hau a kaikaice, ya maimaita, ya sake maimaitawa, har sai da mutumin ya gane. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin ya faɗi.

Gardamar Bahago da dogon saurayi tana nan, jiya ma an yi ta, ƙusa kuma tana nan a bango ba komai a jikinta. Kofin yana kan tagar ɗakinmu. Da shi nake ba maigidana ruwa kullum da safe ya haɗiye ƙwayoyin asibiti, fara da ja da ruwan ɗorawa, waɗanda yanzu ni da kaina nake tsare shi sai ya sha. Hannunsa ba ya iya riƙe mariƙin, ni nake kai masa baki.

Sallar da ta wuce na je shago na saurari ƙirga ina juya ƙosai, na dawo. Yana kwance kofin na gabansa, yana ganinsa, amma duk da haka sai da ya tare ni da ido, ya yi ta fama da harshe.

"An karya?"

Na ce ba a karya ba, Alhaji. Kuma ranar da aka karya, ni da kaina zan tura ka har shago ka miƙa shi da hannunka. Kafin nan, buɗe bakinka ka sha magani.